Mawaƙin da aka bari a baya

Karofane, daren Talata.

Barci ya ƙi zuwa. Da marece a fada, wurin hirarmu ta samari, munka kalli wani fim na yaƙi a wayar Isuhu, labarin shugaba mai mulkin kama-karya da ƙasarsa ta juya masa baya. Harbe-harben ba su dame ni ba. Ƙarshen ne ya tsaya min a rai. Shugaban ya shiga jirgi ya gudu, jama'a sunka rasa wanda za su huce a kansa, sai sunka kamo mawaƙinsa, tsoho mai furfura, sunka yi ta jan sa a ƙasa. Abokai na ta tafi, ni kuwa na aje kofin shayina.

Baba nake gani. Duk babban da ya sauka garin Buza, da kaki ko da babbar riga, Baba na gaba da kalangu yana wasa shi, mutane na ɗauka a waya. Yanzu ba abin da ke ɓacewa.

Da na koma gida na iske shi yana gyaran tsarkiyar kalangu, don jibi akwai manyan baƙi. Na ba shi labarin, na roƙe shi ya huta wannan karon.

Ya ce, "Kakanka sarki ya yi ma kiɗi. Ni na yi ma soja, na yi ma farar hula. Wa bai san maroƙi ba? Wanda ke bisa doki muke yi ma kirari."

Na ce mutanen cikin fim ɗin ma sun san haka.

Ya ci gaba da gyaransa. Har yanzu ina jin sa yana gwada fatar a hankali don kar ya tashe mu. Kuma jibi ni ne zan kai shi bisa babur.