Ƙwaron Wake da Mai Cinsa

New Bell, Duwala

Zuwa ga ɗana Sulaiman, malamin gona,

Bayan gaisuwa, yaya mahaifiyarka Zulaiha da ciwon ƙafarta? Mu lafiya lau. Tun da darajar kuɗin sefa ta faɗi, sau biyu muke ɗora tukunya a yini, amma tsoho ba ya bukatar fiye da haka.

Shekara bakwai ke nan ina tambaya ana yi mini dariya. Kai ma sau biyu na aiko maka ka yi shiru, wai don ban shiga aji ba.

Ka san wakena a ɗaki uku nake ajiye shi, nesa da juna. Akwai wani mitsitsin zanzaro, bai kai ƙwayar gero ba, da na gani da idona yana yin ƙwai cikin ramin ƙwaron wake. In ya cinye ƙwaron ɗaki guda sai yunwa ta kashe shi, ƙwaro ya dawo. Amma in na kawo buhu daga wani ɗakin, sai ga zanzaron ya biyo shi. Haka suke zagaye, babu mai gamawa da wani, wakena kuwa yana kaiwa kasuwar Sandaga da kyansa. Maƙwabcina da ya tara nasa wuri guda ya fesa magani, bayan wata uku garin wake ya kwasa.

Yanzu ɗan'uwanka Salman ya nace mu haɗa buhunan a ɗaki ɗaya ƙarshen wata, wai haya ta yi yawa. Ya ce, "Baba, ƙwari kake kama wa ɗaki?"

To, rabuwar ɗakunan ce ke riƙe su, ko sa'a ce kawai? In na yi kuskure, faɗa mini, zan iya ji. Amma ka amsa kafin wata ya mutu.

Allah ya yi maka albarka.

Baffanka,
Rabe mai wake