Birkin Zaharadden Ya Daina Kuka

Waziriyya, Jidda

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Yaya ciwon gwiwar, yaya mutanen gida? Mu lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake. Na ba Hajiya Zubaidatu takardar nan ta kawo miki ne saboda a waya, da na ambaci autanki sai ki sako wata hira.

Inna, babur ɗin da Zaharadden ke kai wa mutane abinci da shi, birkinsa ya cinye. Tun daga bakin layi nake jin zuwansa, ƙarfe na cin ƙarfe, har haƙorana su yi tsami. Maƙwabcinmu Abdulghaffar bakanike ya leƙa, ya ce abin da ke kama faifan taya, wanda a nan ake kira fahmat, ya suɗe sai ƙarfen bayansa. Ya ce kukan nan gargaɗi ne, a canza yau ba gobe ba. Ɗanki ya yi dariya, wai hannunsa ya san babur ɗinsa.

Kin san ba shi da iƙama, takardar izinin zama. Mai takarda in ya goge motar wani, a yi magana a rabu. Shi kuwa ko madubi ya taɓa, 'yan sanda za su zo, tambayar farko takarda ce, daga nan sai gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar gida. Na sayo sabon fahmat na ajiye masa, ko kwalin bai kalla ba, wai ba shi da lokacin zaman gareji.

Maganarki kaɗai yake ji. Don Allah ki kira shi, kuma ban da lallashi.

A gaida kowa da kowa.

'Yarki,
Zaituna

*

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa da fatan ƙafar ta yi sauƙi, ki zauna kafin a ƙarasa karanta miki.

Na ji saƙonki na murya, inda kika ce na cika mita, yaro ya gyara abinsa. Gaskiya ne kukan ya daina. Abin da bai faɗa miki ba, ba canzawa ya yi ba. Ya lura in ya taka birki a danja mutane na waigowa, ya ji tsoro kada wata rana ɗan sanda ne zai waigo. Sai ya sami baƙin mai ya shafa wa faifan. Mai a birki, Inna. Ko ni da sana'ata tuwo na san abin da aka shafa wa mai sulɓi yake yi.

Ranar Talata da la'asar, a unguwar Bani Malik, wata mota ta tsaya a gabansa. Ya matse birki, babur ya wuce shiru abinsa ya shige bayanta. Ya kuje a gwiwar hannu kawai, alhamdulillahi. Mai motar ma ya ce halas, wato shi ke nan, ya yafe. Amma 'yan sanda sun riga sun iso, kuma sun yi tambayar nan.

Yana tarhil yanzu. Sun ɗauki hoton yatsunsa, shekaru zai yi bai sake shigowa ƙasar nan ba. Umarar da ya yi alkawarin kawo ki bana ta tafi. Na yi kuka, amma har yanzu haushi ya fi yawa. Na san komai da ƙaddara, sai dai da hannunsa ya ɗauko man nan.

Na aika masa jaka da kaya kala biyu. A ƙasanta na saka kwalin fahmat, yadda na sayo shi, ba a buɗe ba. In ya iso kin gama rungumarsa, ki sa ya ciro shi a gabanki, ki tambaye shi mene ne.

Kullum kina cewa kina kewarsa. Ga shi nan tafe.

Allah ya ƙara miki lafiya.

'Yarki mai mita,
Zaituna