Kifin Biko

Daren Laraba, Tiga

Yau an mayar da Yaya Hajara ɗakinta. Kwananta huɗu a gida, kuma har yanzu kunnenta na hagu ba ya ji sosai saboda marin da mijinta ya yi mata. Amma duk wanda ya shigo sai ya ce, "Ashe Hajara ta yi yaji?" Kamar ita ce ta ga dama ta taho.

Da la'asar kawun mijin ya zo biko da goro da kifi karfasa cike da ƙwarya. Ya ce wa Baba, "Ɗan saɓani ne, Malam." Inna ta ce, "Ki yi haƙuri, mu ma haka muka zauna." Ba wanda ya tambayi kunnen.

Sai tuna yarintarmu nake yi. Ita ke kai ni bakin dam sayen kifi, tana ciniki da masunta tana dariyar da ake jiyowa daga nesa. Ranar da ƙaya ta soke ni a ƙafa, goya ni ta yi har gida, Baba kuwa ya hana kowa sakat sai da aka cire. Ƙaya fa kawai!

Da za ta hau acaɓa na ce, "Yaya, ki kira ni." Ta juyo min da ɗaya kunnen ta ce, "Me kika ce?"

Inna ta soya kifin, kowa ya ci. Ni na kasa.