Bajon da ke ƙasan akwatin Yaya Sale

Jibiya, daren Lahadi, watan Rajab

Yau muka buɗe akwatin marigayi Yaya Sale. Lambobinsa na yaƙin Bama duk na san su. Amma can ƙasa, ƙunshe cikin tsumma, sai ga wani bajon tagulla mai hoton ƙugiyar jirgin ruwa, babu kambin Sarkin Ingila a jikinsa.

Da yake kasuwa na ci, na kai wa Baba Kofur, tsohon sojan Faransan nan mai kawo dabino daga Maraɗi. Yana ganinsa ya ajiye mudu.

"Ɗana, wannan namu ne. Bayan babban yaƙi Faransa ta ba sojojinta da suka sake ƙetare teku. Na wane ne?"

Na ce na wana Sale ne, mai tabon ƙuna a wuya.

"Mu dai Isufu muke ce masa," in ji shi. Daga nan ya miƙo mini bajon, ya ɗauki mudunsa.

To, ina shekara ukun da Yaya ya ce yana fataucin goro a Gwanja? Da ma ko ƙwaya ɗaya bai dawo da ita ba.

Na nuna wa Inna. Ko kallo ba ta yi ba, ta ce in mayar inda na ɗauko. Ashe ta sani.

Da hannuna na wanke Yaya, na sa shi a kabari. Yau ban san wanda na binne ba.