Ƙashin da Ya Warke

Daga dajin Agadas, Nijar.

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna Fatsuma da duk mutanen Getso. Yaya ciwon ƙafar nan? Da fatan an shigar da dawa lafiya. Babu sabis a inda muke, shi ya sa na ba direban da ke kawo mana ruwa wannan takarda ya haɗa ta da masu motar Kano.

Na san Inna na cewa na yi digiri biyu don in riƙa tonon ƙashin da ko kare ba zai sansana ba. Da gaskiyarta. Ƙasusuwa ne na wasu manyan dabbobi da ake kira dainaso, sun ƙare tuntuni, ƙashinsu ya zama dutse. Wasu ganye suke ci, wasu nama. Haƙorin mai cin naman ya kusa rabin wuƙarka ta fiɗa. Aikinmu mu gano yadda suke cin abinci. Akan sami ɓawon kifi a inda cikinsu yake, akan sami torosonsu ya daskare da ɓarɓashin ƙashi a ciki. Gardamar da ta ƙi ƙarewa ita ce, farauta suke yi ko mushe suke ci.

Ranar Talata na tono ƙashin wutsiyar wata mai cin ganye, da guntun haƙori a karye a cikinsa. Na yi saurin cewa ga alamar cin mushe. Shugabarmu, wata dattijuwar farfesa, ta kama yatsana ta bi da shi bakin ramin da haƙorin ya yi. Ƙashin ya kumburo ya rufe haƙorin, ya yi sumul. Ta ce ƙashin matacce ba ya tsiro. Da ranta aka ciji dabbar, ta tsere, ta warke, ta ci gaba da kiwonta. Kowa ya hau murna. Ni kuwa na zaga bayan mota na zauna a ƙasa.

Baba, saniyar nan na tuna, wadda ka saya a ruga ka yanka a can saboda ta kasa tafiya, shekara tara ke nan. Da aka ce a kasuwar Getso wai matacciya ka tsinto, aka ce a kira ɗan boko ya duba. Ina shekarar farko a jami'a, kaina ya kumbura. Aka miƙo mini ƙashin ƙwaurinta, na ga ramukan haƙora, na ce a gaban jama'a kura ta ci wannan bayan ta mutu. Har yau ina jin ƙashin a hannuna. Bakin ramukan a kumbure suke, sumul, daidai da na ranar Talata. Tsohon cizo ne da ya warke. Halal ka kawo kasuwa.

Daga ranar aka daina tsayawa a teburinka, har ka ajiye wuƙa. Ni na jawo maka, da jahilcina da girman kaina, kuma shekara tara ina ganin ni ne mai gaskiya. Kunya ta isheni. Ka yafe mini don Allah. Da mun tashi daga nan zan zo in tsaya a kasuwa, gaban Sarkin Fawa, in ce kuskure na yi.

A gaishe da Inna da Zinnira. Allah Ya ƙara maka lafiya.

Ɗanka,
Mahbub

*

Durun, ta Kabo.

Zuwa ga Yaya Mahbub,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Yaya haƙurinmu?

Na san saƙon Kawu Uzairu ya riske ka a Agadas, ba sai na maimaita ba. Ranar Alhamis Baba ya rasu, takardarka ta iso ranar Litinin. Ina Getso zaman makoki aka kawo ta. Inna ta ce in karanta mata, na karanta tun daga sallama har sunanka.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce wai sai yanzu ka sani? Ta ce Baba ya shekara talatin yana fasa ƙashi, tun kafin a miƙa maka ya san cizon ya warke. Mahautan da ke wurin ma sun sani, jira suke ya buɗe baki. Da ya dawo gida ta tambaye shi dalilin shirunsa, ya ce kai ne na farko a gidanmu da ya shiga jami'a. In ya ƙaryata ka, kasuwa za ta yi maka dariya har ka tsufa, a ce ɗan mahauci ya je boko bai ko san ƙashi ba. Ya hana ta faɗa maka.

Ta ce in gaya maka ya yafe maka tun ranar, ya sha faɗin haka. Ni kam zuciyata ba ta sauka ba tukuna, ba zan ɓoye maka ba. Ranar jana'iza ina ji wani baƙo yana tambayar hanya a ƙofar gida, aka ce masa nan ne gidan Mai Mushe.

Maganar tsayawa a kasuwa kuwa, na so ka yi, har na ce zan raka ka. Inna ta ce ba ta yarda ba. Ta ce shekara tara mutumin nan yana rufa maka asiri da sana'arsa da sunansa, ba za ka zo ka tona ba ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Ka zo ka yi masa addu'a, ka ja bakinka ka yi shiru kamar yadda ya yi.

Maigidana Muhsin yana yi maka gaisuwa. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Zinnira