Rijiyar Ƴan Fashin Teku

Tudun Gawo, Yekuwa, 9 ga Maris

Yaya Ikilima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya aikin lakwal da ɗalibanki? Mu nan lafiya lau, sai dai ƙishi.

Kin san waya ba ta kamawa a garinmu sai an hau tudu, a can kuwa duk abin da mutum ya faɗa rabin gari sun ji. Shi ya sa na ba mai kabu-kabu wannan takarda.

Tun da tsohuwar rijiya ta rufta, matanmu sai sun yi tafiyar awa biyu da amalanke kafin su samo ruwa. Mun soma haƙa sabuwa da gayya, mu goma sha huɗu. Yau mun kai zurfin gaba tara, ƙasa a bushe ƙamas, jikin mutane ya fara sanyi. In damina ta sauka ba mu cim ma ruwa mun sa zoben siminti ba, ramin zai rufta, garin kuma zai watse. Gida biyu ma har sun fara ɗaure kaya.

Da na ga haka sai na tuna da marigayi Baba. Da hutun rana a gindin gawo na shiga ba su labarin littafin nan nasa na Faransanci, na ƴan fashin teku, yadda yake juya mana shi da Hausa muna yara. Yaya, ki ga magidanta sun saki baki! Mutanen da ko kogi ba su taɓa gani ba, ga su suna musu kan yadda ake juya jirgi in iska ta taso. Na kai su har ƙarshe, inda Sarkin Jirgi da mutanensa suka tono zinariya a tsibiri, ruwan shansu ya ƙare, ga teku ko'ina amma duk gishiri, suka ture zinariyar gefe suka yi kwana arba'in suna haƙar rijiya har ruwa ya ɓullo.

Sai Goni Abubakar, wanda ya zo mana daga Mallawa bayan rasuwar Baba, ya ce, "Kai Hambali, ka ji tsoron Allah. Wane bature ne zai zauna ya rubuta littafi kan haƙar rijiya? Kai ka ƙaga don mu yi ta haƙa." Ni kuwa na rantse a gaban kowa cewa yana cikin littafi.

Littafin Baba yana wurinki, amma kin san gara ta cinye ƙarshensa. Ki nemo cikakke a Magariya, ki juya mini shafukan ƙarshe da Hausa in karanta musu. Faransancina bai wuce na gaisuwa ba.

Ƙanenki,
Hambali

Magariya, 24 ga Maris

Zuwa ga ƙanena Hambali,

Amin wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da iyali, Allah ya ba ku sa'ar aikin. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, da gangan na yi shi, don ban san ta inda zan fara ba.

Na samu littafin a ɗakin karatu na kolej ɗinmu, cikin wani kwali da ba mai buɗewa. Kwana biyu ina karatunsa, takardun ɗalibai na nan jibge ban gyara ba. Ni da nake da jika, na tsinci kaina ina yi wa mutanen cikin jirgi addu'a. A kowane shafi muryar Baba nake ji.

Amma Hambali, babu rijiya. Na karanta ƙarshen sau uku. Sun tono zinariyar, sun yi faɗa a kanta, waɗanda suka tsira suka loda ta suka koma gida. Tsibirin ma yana da ƙorama, a layi ɗaya aka ambace ta aka wuce. Marubucin bai san ƙishi ba.

Na san abin da za ka roƙe ni, don haka na riga ka: ba zan rubuta abin da ba ya cikin littafi in ce fassara ce ba. Kai ma ka daina saurin rantsuwa, tun kana yaro nake gaya maka.

Ka gaishe mini da matarka Fadi. Ka huta lafiya.

Yayarka,
Ikilima

Tudun Gawo, 30 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa. Na ga takardarki, da ma ban gani ba.

Mu takwas muka rage. Gaba goma sha ɗaya, har yanzu ƙura. Kullum Goni sai ya tambaye ni, "Ina takardar malamar?" ni kuwa in ce tana hanya. Shi ya ma daina zuwa bakin ramin, sai dai gindin gawo, don kar labari ya wuce shi.

Ke ruwan famfo kike sha, shi ya sa gaskiyarki take da sauƙin faɗa. Shafi biyu kawai na nema. Wa zai je Magariya ya duba? Fadi tana da cikin wata bakwai, da asuba take bin amalanke.

Kuma ni ban yarda ba. Littafin da kika samu ne ba daidai ba, Baba bai taɓa yi mana ƙarya ba. Ki rubuta ko kar ki rubuta, ni ba zan fito daga ramin nan ba sai da laka a ƙafata.

Hambali

Magariya, 6 ga Afrilu

Ƙanena,

Sallama da fatan alheri. Maganarka ta yi mini zafi, har na yi kuka, amma ita ce ta sa na buɗe akwatin Baba na ɗauko littafin don in gwada su shafi da shafi. Littafi ɗaya ne, babu bambanci.

Sai na duba wurin da muke cewa gara ta ci. Hambali, ka san cin gara: tana barin baki karkatacce da ɓurɓushin ƙasa. Wannan yanka ne miƙe sak, na reza. Shekara arba'in muna zagin gara a banza.

A cikin bangon baya kuma akwai rubutun Baba da fensir, ya kusa gogewa. Ya sa kwanan wata na shekarar da aka haƙa tsohuwar rijiya, sannan ya rubuta: "Gaba goma sha uku. Mutum biyar suka rage."

Na ɗauki littafin na tafi wurin Gwaggo Ɗela, ƙanwar Baba. Da ta gan shi sai da ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Ai ni na hura wuta da takardun, ƴar nan. Yayana ya ce in masu haƙar da yake ba labarin suka ji an samu zinariya an tafi gida, su ma gida za su tafi. Littafinsa ke nan guda ɗaya tak a duniya, amma ya yanke." Ta ce kowace rana sai ya ƙara wa ƴan fashin kwana ɗaya a cikin rami, har ranar da mutanen Tudun Gawo suka taɓa ruwa. Kwana arba'in ɗin nan nasu ne.

Ga littafin na aiko maka, na naɗe shi a zane. Ban rubuta maka ƙarya ba, kuma ba zan rubuta ba. Ka nuna musu yankan, ka gaya musu wannan.

Allah ya sauki Fadi lafiya.

Yayarka mai ƙaunarka,
Ikilima

Tudun Gawo, 15 ga Afrilu

Yaya Ikilima,

Assalamu alaikum. Ki yafe mini kalaman da na yi miki, zafin rami ne.

Kwana biyu littafin yana cikin aljihuna na kasa fito da shi. A rana ta uku na miƙe a gindin gawo na ce, "Jama'a, na yi rantsuwa a kan abin da ban sani ba, zan yi kaffara. Babu rijiya a littafin bature. Mahaifina ne ya sa ta, iyayenku suka haƙa, ku kuka sha shekara arba'in." 

Mutum huɗu suka karkaɗe riguna suka tafi, ɗayansu yana cewa ashe gadon ƙarya ne a gidanmu. Na haɗiye zagin.

Goni ya karɓi littafin, ya daɗe yana shafa wurin yankan da yatsa. Ya ce, "To, ashe ni na yi gaskiya." Na ce ƙwarai, Goni. Ya ce, "Ni ko kusurwar takardata ba na bari a naɗe. Mutumin nan ya sa wa littafinsa reza saboda maƙwabta." Sai ya tuɓe babbar riga ya rataye a reshe, ya ce a ba shi igiya.

Yanzu mu biyar ne, daidai da lissafin Baba. Mata sun karɓi jan guga, su ne ke fitar da ƙasa. Mun wuce gaba goma sha uku jiya. Hadari ya fara leƙowa daga gabas, muna ganinsa, muna ta haƙa. Da hutun rana kuwa har yanzu sai an sa ni na ba da labarin, kuma ba wanda ya yarda in cire rijiyar.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanenki,
Hambali

Tudun Gawo, 2 ga Mayu

Yaya,

Sallama. Ki yi haƙuri da taɓon da ke ƙasan takardar nan. Da yatsana na shafa shi, daga gaba goma sha shida ya fito. Ki taɓa, wataƙila bai gama bushewa ba.

Fadi ce ta fara sha.

Goni yana gaishe ki. Ya ce yanzu da aka samu ruwa, don Allah ki juyo mana shafukan nan da Baba ya yanke. Wai shi har yau bai san wanda ya tafi da zinariyar ba.

Naki,
Hambali