Littattafan Malam Filibus Uku da Suka Rage a Hannuna

Zuwa ga Mai Girma Fada,
Shugaban Kwamitin Adana Tarihi na Ikklisiyarmu,
Jimeta.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, da fatan kana lafiya, kai da sauran 'yan kwamiti. Sau biyu na rubuto maka a asirce ban ga amsa ba, shi ya sa wannan karon na fito fili.

Fada, fuskata kawai ka sani, bari ka san ni. Ni ne Yohanna kafinta. A aji uku na sakandare karatuna ya tsaya. Na shigo Jimeta a shekarar gudun hijira da riga ɗaya, ba kawu, ba ɗan'uwa. Da aron zarto na fara. Yau ina da shagona, na gina ɗaki huɗu a Rumde, na aurar da 'ya'ya biyu, kuma bencin da kake kallo daga bagadi duk Lahadi aikin hannuna ne. Ba wanda ya ɗaga ni sai Allah.

Amma babban abin da na yi a duniya ba wannan ba ne. Ranar da 'yan bindiga suka shigo ƙauyenmu, kowa ya ɗauki hatsi da akuya, ni kuwa na koma coci na kwaso littattafan Malam Filibus guda bakwai. Kwana uku ina tafe a daji, suna ɗaure a cikina. Bayan fitata aka ƙone cocin.

Ga wanda bai sani ba, Malam Filibus shi ne katekis, wato mai koyar da addini, na ƙauyenmu a ƙarnin da ya wuce. Da hannunsa ya rubuta rayuwar Fadan da ya haƙa mana rijiya, zazzaɓi ya kashe shi aka binne shi bayan coci, da ta wani Fadan da ya mai da addu'o'i cikin yarenmu, da waƙoƙin da su biyu suka tsara. Babu wani wuri dabam da za ka sami labarin mutanen nan.

Ga kukana:

1. Na ba kwamiti littafi huɗu bisa amana. Na faɗa wa sakatarenku da bakina cewa takardar ta tsufa, ba ta son zafi, ba ta son danshi. Sai aka kai su shagon kwamfuta, aka yanke ɗinkinsu, aka liƙe kowane shafi cikin leda da injin zafi, kamar satifiket ɗin makaranta. Na san da kyakkyawar niyya aka yi. Amma tawadar ta bazu, wasu shafukan sun farfashe a bakin injin, sauran an jera su a hargitse. Na nemi labarin Fada mai rijiya, layi biyu kawai na iya karantawa. Na fita na zauna a dakali.

2. An kafe shafukan a allon zauren coci, aka rubuta wai kwamiti ne ya gano su. A ina? Sunana babu ko a gefe.

3. Wannan shi ne ya hana ni sakewa. Sakatare ya aiko cewa in kawo sauran ukun kafin Lahadi, in ba haka ba za a sanar bayan sujadar Mas cewa ina riƙe da kayan coci. Fada, ni mutum ne da har yau in taya ta fashe a titi sai zarto ya faɗi daga hannuna. Wanda ya rasa gari sau ɗaya, cocin nan ne garinsa. In aka kira ni ɓarawo a gaban jama'a, ina zan shiga? In kuma na kawo su suka bi ta injin nan, to wutar da na tsere da su daga gare ta ce ta biyo su har Jimeta, da hannuna kuma na miƙa.

Ukun nan suna cikin akwatin maɗaci da na ƙera musu, da kafur da busasshen ganyen darbejiya saboda gara. Ni kaɗai na rage mai iya karanta rubutun hannun Malam, don yana gauraya Hausa da yarenmu, ga shi idona ya fara hazo. Wannan ma tsoro ne na daban.

Saboda haka ina roƙo: a janye maganar sanarwar. A turo mai ɗaukar hoto ya ɗauki shafukan a gabana, ba yanka, ba leda. A ba ni wanda zai zauna ina karantawa yana rubutawa tun idona na gani.

Allah ya ƙara maka lafiya da hikima, ya kiyaye ka da garken da ya ba ka.

Saura ɗaya, wannan kuma ba roƙo ba ne. Malam Filibus ya rubuta sunan kowa, amma kabarinsa ba suna, yau ko ni ba zan iya nuna shi ba. Ba zan yarda a yi mini haka ba. A kan allon nan, ƙarƙashin sunansa, a rubuta: Yohanna ɗan Tumba, kafinta, shi ya ɗauko su daga wuta.

Wassalam.

Yohanna ɗan Tumba,
Rumde, Jimeta.